Tsutsa a Jiki, Bairas a Bakin Sauro: Don Me Ake Raba Yaƙinsu?

Gabatarwa

A yawancin littattafan kimiyyar lafiya da ake karantarwa a makarantun sakandare, babin tsutsotsin da ke rayuwa a jikin ɗan Adam daban yake, babin cututtukan da sauro ke yaɗawa shi ma daban. Ɗalibi yakan haddace wannan ya rufe, sa'an nan ya buɗe wancan. Haka abin yake a ma'aikatun lafiya: masu raba maganin tsutsa a makarantu suna da ofishinsu da kasafin kuɗinsu, masu sa ido a kan annobar zazzaɓin shawara su ma suna da nasu. Wannan rabo yana sauƙaƙa koyarwa da rubuta rahoto, amma jikin yaron da ke zaune a ƙauyen bakin fadama bai san da shi ba. Sauron da ya cije shi da la'asar, ya zuba masa ƙwayar bairas, yakan tarar da jikin da tsutsa ta riga ta shekara a cikinsa, ta sha jininsa, ta kuma sauya yadda garkuwar jikinsa ke aiki.

Binciken da aka yi cikin shekaru arba'in da suka wuce ya nuna cewa tsutsa da bairas suna haɗuwa a wurare biyu, wato a cikin sauro da kuma a jikin wanda sauron ya ciza, kuma haɗuwar takan canza sakamakon cutar. Saboda haka lokaci ya yi da za a daina koyar da su, da bincikensu, da yaƙarsu, kamar baƙin da ba su taɓa gamuwa ba.

Su wane ne ɓangarorin biyu?

Tsutsotsin da ake magana a kansu kashi uku ne. Na farko su ne na hanji, waɗanda ake ɗauka daga ƙasar da bahaya ya gurɓata: macijin ciki, da tsutsa mai kama da bulala, da tsutsa mai ƙugiya wadda ke huda tafin ƙafa ta tafi ta maƙale a hanji tana tsotsar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.5 ne ke ɗauke da su. Na biyu ita ce tsutsar tsargiya, wadda ke fitowa daga katantanwar ruwa ta shiga fatar mai wanka ko mai noman rani. A shekarar 2021 fiye da mutum miliyan 250 ne ke bukatar maganinta, mafi yawansu a Afirka, kuma hanyoyin ban ruwa irin na Kadawa da Bakolori wurare ne da katantanwar ke jin daɗinsu. Na uku ita ce tsutsar tundurmi, mai toshe hanyoyin ruwan jiki har ƙafa ta kumbura ko namiji ya yi gwaiwa. Ita wannan sauro ne da kansa yake yaɗa ta.

Shi kuwa bairas halitta ce ƙarama ainun, wadda ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halittar wani. Daga cikin waɗanda sauro ke ɗauka akwai na zazzaɓin shawara, da dengi, da cikungunya, da Zika, da zazzaɓin Yammacin Nilu, da zazzaɓin Kwarin Rift. Ba labarin nesa ba ne. Zazzaɓin shawara ya sake ɓulla a Nijeriya a 2017, ya kuma yi ɓarna a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauci a 2019. Zazzaɓin Kwarin Rift ya kama makiyaya da dabbobinsu a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar a 2016. Cikungunya ta kwantar da dubban mutane a garin Abeshe na ƙasar Cadi a 2020. A 2023 an tabbatar da ɓullar dengi a Jihar Sakkwato, a shekarar da cutar ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso. A duniya baki ɗaya, an kai rahoton kamuwar fiye da mutum miliyan 14 da dengi a 2024.

Duk wanda ya ɗora taswirar tsutsotsin nan a kan taswirar waɗannan zazzaɓi zai ga sun kusa rufe juna. Dalili kuwa a fili yake: zafi da damshi, ruwan da ke kwance, rashin masai, da randunan da ba a rufe ba, su ne ke raya ɓangarorin biyu. Tarihin binciken ma tare ya haɗa su. A 1877, a garin Amoy na ƙasar Sin, likita Patrick Manson ya gano cewa 'ya'yan tsutsar tundurmi suna girma a jikin sauro. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa ƙwaro mai shan jini yana rainon abin da ke sa ɗan Adam ciwo, kuma shi ya share fage ga tabbatar da cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin shawara, abin da Carlos Finlay ya faɗa a 1881, Walter Reed da abokan aikinsa suka tabbatar a Kyuba a 1900.

Haɗuwa ta farko: a cikin sauro

Sauro ba sirinji ba ne da zai zuƙi jini a nan ya tafi ya juye shi a can. Idan macen sauro ta sha jinin mai dengi, bairas ɗin yana sauka ne a cikinta. Kafin ta iya harbin wani da shi, sai ya shiga ƙwayoyin bangon cikin, ya hayayyafa, ya ƙetare bangon zuwa ruwan jikinta, ya isa jakar yawunta, ya sake hayayyafa a can. Wannan tafiya takan ɗauki kwana 8 zuwa 12 a yanayin zafi. Sauraye da yawa sukan mutu kafin wa'adin ya cika, wasu kuma bairas ɗin ba ya iya ƙetare bangon cikinsu sam. Ashe bangon cikin sauro wata katanga ce da ke kare ɗan Adam ba tare da ya sani ba.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Ya'yan tsutsar tundurmi, waɗanda ke yawo a cikin jinin mai ɗauke da ita kuma ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma, aikinsu na farko idan sauro ya haɗiye su shi ne huda wannan bango cikin 'yan sa'o'i, domin su kai ga naman ƙirjin sauron inda za su girma. Idan jinin da sauron ya sha yana ɗauke da bairas tare da su, to bairas ɗin ya sami ƙofa a buɗe.

An fara ganin haka a 1980 a Ingila, inda Mellor da Boorman suka nuna shi a jikin wani ɗan ƙwaro mai cizon dabbobi, da bairas ɗin wata cutar tumaki. A 1984 Michael Turell da abokan aikinsa a Amurka suka buga sakamakon gwajinsu a mujallar Science. Sun shayar da sauro jinin wani nau'in ɓeran daji mai ɗauke da bairas ɗin Kwarin Rift tare da 'ya'yan tsutsar tundurmi irin ta Asiya, suka kwatanta shi da sauron da ya sha bairas ɗin kaɗai. A rukunin farko bairas ɗin ya bazu a jikin sauraye masu yawa, cikin lokaci gajere, kuma sun fi yaɗa shi da cizo. A 1987 aka sami irin wannan sakamako da dengi a jikin sauron Edis, a 1993 kuma masana a Japan suka same shi da cikungunya tare da 'ya'yan tsutsar zuciyar kare. A 2017 Vaughan da Turell suka kawo hujjar cewa tsutsar ba rami kawai take hudawa ba, tana iya ɗaukar bairas ɗin a jikinta ta ƙetare da shi.

Muhimmancin wannan a lissafin annoba babba ne. Idan kwana goma na jira suka koma kwana kaɗan, sauron da da zai mutu bai harbi kowa ba sai ya rayu har ya harbi mutum biyu ko uku. Haka nan wani nau'in sauro da ba a lissafa shi cikin masu yaɗa cutar yana iya shiga sahu.

Amma dole a auna wannan da sharuɗɗansa. A Afirka ta Yamma 'ya'yan tsutsar tundurmi da tsakar dare suke fitowa cikin jinin da ke kusa da fata, sauron Anofilis ne kuma ke ɗaukarsu, shi kuwa Edis mai yaɗa dengi da shawara da safe da la'asar yake cizo. Wannan saɓanin lokaci yana rage damar haɗuwarsu. A tsibiran Tekun Fasifik, irin su Samowa da Tahiti, 'ya'yan tsutsar suna cikin jini da rana, kuma wani nau'in Edis ne ke yaɗa tundurmi da dengi duka. A Afirka ma akwai wuraren da saɓanin bai shafa ba. Sauron Kuleks, mai hayayyafa a kwatami da cizon dare, yana yaɗa tundurmi a biranen gabashin Afirka, danginsa ne kuma ke ɗaukar bairas ɗin Yammacin Nilu. Sa'an nan bairas ɗin onyong-nyong, wanda ya kama kimanin mutum miliyan 2 a gabashin Afirka tsakanin 1959 da 1962, Anofilis ne yake yaɗa shi, wato sauron tundurmi da zazzaɓin cizon sauro da kowa ya sani.

Haɗuwa ta biyu: a jikin mutum

Garkuwar jiki tana da dabarun yaƙi fiye da ɗaya. A 1986 Mosmann da Coffman suka bayyana cewa ƙwayoyin jinin da ke ba da umarni a lokacin yaƙi sun kasu gida biyu. Gida na farko shi ke fuskantar maƙiyin da ya ɓuya a cikin ƙwayar halitta, kamar bairas: yana fitar da sinadarin intaferon, yana kuma tura ƙwayoyi masu kisa su hallaka duk ƙwayar da ta kamu. Gida na biyu shi ke fuskantar tsutsa, wadda ta fi ƙarfin a haɗiye ta: yana ƙara majinar hanji, yana motsa hanjin don ya tunkuɗe ta, yana kuma gyara raunin da ta yi. Abin lura shi ne, saƙonnin kowane gida suna danne na ɗaya gidan. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda. Bugu da ƙari, tsutsar da ke son ta shekara biyar ko goma a jikin mutum takan fitar da sinadaran da ke lallashin garkuwar gaba ɗaya, don kada a kore ta.

Daga wannan aka yi hasashen cewa mai tsutsa zai fi rauni a gaban bairas. Gwaji mafi bayani a kan bairas ɗin sauro shi ne wanda Pritesh Desai da Michael Diamond da abokan aikinsu na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis suka buga a mujallar Cell a 2021. Sun sa wa ɓeraye tsutsar hanji, daga baya suka sa musu bairas ɗin Yammacin Nilu. Ɓerayen da ke da tsutsa sun fi mutuwa nesa ba kusa ba. Da aka bi diddigin dalili, sai aka tarar cewa wasu ƙwayoyi masu tukku a bangon hanji, waɗanda aikinsu shi ne jin ƙanshin tsutsa su yi yekuwa, su ne suka tayar da saƙonnin gida na biyu. Wannan ya sa bairas ɗin ya fi kama jijiyoyin da ke sarrafa motsin hanji. Hanjin ya tsaya, bangonsa ya lalace, bakteriyar da ke zaune a cikinsa ta tsallaka zuwa saifa, ƙwayoyi masu kisa da ya kamata su yaƙi bairas suka durƙushe, bairas ɗin kuwa ya yawaita a ƙwaƙwalwa. Masanan sun ga irin wannan illa da bairas ɗin Zika. Wato a nan ma bango ne ya tsage, sai dai a wannan karon bangon hanjin mai ciwon ne.

Akwai kuma hanyoyin da ba su bukatar dogon bayanin garkuwa. Tsutsa mai ƙugiya tana jawo ƙarancin jini, dengi mai tsanani kuwa yana sa ruwan jini ya zurare daga jijiyoyi, wani lokaci har da zubar jini ta hanci da dasashi. Yaron da ya fara ciwon da jini kaɗan ba shi da rarar da zai yi asara. Tsargiyar hanji tana sa hanta ta yi tabo ta taurare, zazzaɓin shawara kuwa hantar yake kai wa hari, kuma rabin waɗanda ya kai su mataki mai tsanani sukan rasu cikin kwana 7 zuwa 10. A Masar an daɗe da tabbatar da cewa masu tsargiya da suka kamu da bairas ɗin ciwon hanta nau'in C sun fi saurin lalacewar hanta a kan waɗanda ke da bairas ɗin kaɗai. Wannan bairas ba sauro ke yaɗa shi ba, amma darasin a bayyane yake.

Batun allurar rigakafi

Zazzaɓin shawara yana da allura mai ƙarfi, kuma asalinta daga Afirka ta Yamma ne. A 1927 aka ware bairas ɗin daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, a aikin wata tawagar masana da ke da mazauni a Yaba, Legas. Daga wannan bairas Max Theiler ya samar da allurar a 1937, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1951. Allura ɗaya tana ba da kariya har tsawon rai.

A 2014 Muyanja da abokan aikinsa suka yi wa masu sa kai wannan allura a Entebe ta Yuganda da kuma Lozan ta Suwizalan. Martanin jikin mutanen Entebe bai kai na mutanen Lozan ƙarfi ba, kuma tun kafin allurar garkuwarsu tana cikin halin tashin hankali, kamar ta wanda ya daɗe yana fama da cututtuka iri iri. Tsutsa na cikin abubuwan da aka fara zargi.

Hujjar masu ja da baya

Akwai masana da masu tsara manufofin lafiya da ke ganin an zuzuta wannan batu, kuma hujjojinsu ba na yasarwa ba ne.

Da farko, ɓera ba mutum ba ne. Ana sa masa tsutsa iri ɗaya a rana ɗaya, a sa masa bairas a ranar da aka zaɓa, alhali ɗan Adam yakan ɗauki tsutsa kaɗan kaɗan tun yana rarrafe, sau da yawa iri biyu ko uku, ga zazzaɓin cizon sauro ga ƙarancin abinci. Na biyu, tsutsa ba kullum take cutarwa ba. A 2017 masana a Edinbura suka nuna cewa tsutsar hanjin da aka yi amfani da ita a gwajin St. Louis ta rage wa ɓeraye tsananin wani bairas na huhu. Kuma da yake mafi munin illar dengi daga wuce gona da irin garkuwar jiki take fitowa, musamman a kamuwa ta biyu da wani daga cikin nau'o'insa huɗu, garkuwar da tsutsa ta lallasa tana iya barin bairas ya yawaita amma ta rage ɓarnar kumburi.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, domin a jikin mutane aka samo ta. A tsibiran Kome da ke Tafkin Biktoriya a Yuganda, inda tsargiya ta yi katutu, an raba 'yan makaranta 478 gida biyu. Gida ɗaya aka ba su maganin farazikwantal sau da yawa kafin a yi musu allurai, ɗayan kuma aka bi tsarin da aka saba. Sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna cewa tsutsar ta ragu ƙwarai a gida na farko, martanin jikinsu ga allurar tarin fuka ya ɗan ƙaru, amma martaninsu ga allurar shawara bai bambanta da na sauran ba.

Wannan sakamako labari ne mai daɗi, domin ya nuna babu dalilin jinkirta allurar shawara har sai an kashe tsutsa. Amma bai rufe batun ba. Allurar bairas ce da aka raunana, ba irin wanda sauro ke zubawa ba, kuma kashe tsutsa cikin 'yan makonni ba ya goge tabon hanta ko ya mayar da jinin da aka sha shekara da shekaru. Abin da gwajin Yuganda ya koyar shi ne, a jikin mutane ake yanke hukunci, kuma ana iya yin irin wannan aiki a Afirka da hannun masanan Afirka. Saɓanin da ke tsakanin sakamakon gwaje-gwajen dalili ne na ƙara bincike. Wanda ya ce a bar batun domin amsar ta zo da sarƙaƙiya, ya yarda ke nan a ci gaba da kula da marasa lafiya masu tsutsa da ilmin da aka tattaro daga jikin da bai taɓa ganin tsutsa ba.

Makamai biyu da suka ratsa iyaka

Ko da an ajiye batun illa, makaman yaƙin da kansu sun haɗa ɓangarorin biyu. Akwai wata bakteriya mai suna Wolbakiya da ke zaune a jikin tsutsar tundurmi, tsutsar ba ta iya haihuwa ko daɗewa in babu ita, shi ya sa maganin doksisaikilin, wanda bakteriya yake kashewa, yake kassara tsutsar. Wani nau'in wannan bakteriya yana rayuwa a jikin ƙwari da yawa. Da masana suka sanya shi a jikin sauron Edis, sai aka ga yana hana bairas ɗin dengi hayayyafa. An fara sakin irin wannan sauro a arewacin Ostireliya a 2011, kuma gwajin da aka yi a birnin Yogyakarta na Indunusiya, wanda aka buga a 2021, ya nuna raguwar dengi da kashi 77 cikin 100 a unguwannin da aka sake shi.

Na biyu shi ne maganin ibamektin, wanda Satoshi Omura da William Campbell suka sami lambar Nobel a kansa a 2015. Tun 1987 ake raba shi kyauta don yaƙar makantar kogi, daga baya aka haɗa shi da albendazol don yaƙar tundurmi. Da shi, tare da gidan sauro, jihohin Filato da Nasarawa suka kai ga sanar da kawar da tundurmi a 2017. Maganin yana kashe 'ya'yan tsutsa a cikin jini, wato yana kawar da masu huda cikin sauro, yana kuma gajarta ran Anofilis ɗin da ya sha jinin wanda ya haɗiye shi. Sai dai Edis ya fi jure masa, kuma gwajin da aka yi a Tailan a kan masu dengi bai nuna yana saurin warkar da su ba. Don haka ibamektin ba maganin zazzaɓi ba ne, kuma saye shi a kemis don wannan manufa ɓarnar kuɗi ce da jinkirta zuwa asibiti.

Abin da ya kamata a yi

Aiki na farko yana wuyan jami'o'i da asibitocin koyarwa. Duk lokacin da annobar dengi ko shawara ko cikungunya ta ɓulla ana ɗibar jinin marasa lafiya. Ƙarin gwajin bahaya da fitsari, da duba jinin dare, ba ya bukatar komai da ya wuce madubin ƙara girma da ma'aikacin da ya ƙware. Idan aka rubuta wanda ke da tsutsa da wanda ba shi da ita, aka kwatanta wanda ciwon ya tsananta gare shi, cikin 'yan shekaru za a tara bayanin da ɗakunan gwajin Amurka da Turai ba su da hanyar samu, domin ba su da majinyata masu ɗauke da cututtukan biyu. Sassan ilmin dabbobi su ma suna da rabonsu, tun da shanu da tumaki suna ɗauke da nasu tsutsotsin jini, kuma su ne bairas ɗin Kwarin Rift ke fara kamawa.

Na biyu yana wuyan ma'aikatun lafiya. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 zuwa 2030 ya sanya dengi da cikungunya a jeri ɗaya da tsargiya da tundurmi da tsutsar hanji, ya kuma yi kira da a haɗa ayyukan yaƙarsu. Ranar da ake raba maganin tsutsa a makaranta ita ce ranar da ta fi dacewa a duba katin allurar shawara, a kuma zagaya harabar a kifar da duk abin da ke tara ruwa. Gidan sauro yana kare mutum daga Anofilis da Kuleks da dare, amma Edis sai an bi shi gidansa: randa, tulu, tsohuwar taya, gwangwani, da kaskon kaji. Ƙwansa yana manne wa bangon mazubi ya jure bushewa na watanni, don haka zubar da ruwa kaɗai bai isa ba, sai an goge cikin randar kowane mako an rufe ta.

Na uku yana wuyan malamai da ɗalibai. Malamin da ya gama zana rayuwar tsutsar tundurmi a allo yana iya tambayar ajinsa abin da zai faru idan jinin da sauron ya sha yana da bairas, ya bar su su gano amsar da kansu. Ɗalibi kuma ya kai saƙo gida: a sa takalmi, a yi amfani da masai, a guji wanka a kududdufi da hanyar ban ruwa, a karɓi maganin tsutsa idan an zo rabawa, a kai jariri allurar shawara a wata tara. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro da aka saba da shi ba. Idan gwaji bai nuna shi ba, ga ciwon bayan ido da na gaɓoɓi, ko idanu suka yi ɗorawa, a tafi asibiti. Kafin a isa a tsaya ga farasitamol, a guji asfirin da ibufurofen domin suna ƙara zubar jini.

Kammalawa

Daga aikin Manson a 1877 zuwa gwajin tsibiran Kome a 2024, abin da ya tabbata shi ne tsutsa tana iya buɗe wa bairas hanya a cikin sauro, tana kuma sauya yadda jiki ke tarbarsa, wani lokaci ta tsananta wani lokaci ta sassauta. Auna girman wannan tasiri a jikin mutane aiki ne da ya fi dacewa da ƙasashen da cututtukan biyu ke zaune a gida ɗaya. Kafin a kammala shi, babu asara ko kaɗan a kashe tsutsa, da yin allura, da rufe randa, domin kowane daga cikinsu ya riga ya tabbatar da amfaninsa shi kaɗai. Abin da ake nema shi ne a yi su tare, a kuma rubuta abin da aka gani. Ɗaliban da ke karanta waɗannan babi biyu a yau su ne za su riƙe madubin a annoba mai zuwa, kuma zai yi kyau su isa wurin sun riga sun san cewa mara lafiyan da ke gabansu yana iya ɗauke da abokan gaba biyu.